Tambayoyin Masu Karatu: Babban makanikina zai tafi da masana'antar a cikin kansa

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan. Ta farko ta taɓa mini wani tsohon miki, don haka na daɗe a kanta.

Tambaya daga wani Alhaji mai injin casar shinkafa a yankin Kura, jihar Kano:

"Malam, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan da na gaji injin casar shinkafa daga mahaifinmu. Muna da babban makaniki wanda tun zamanin Baba yake tare da mu. Yanzu ya haura sittin, idonsa ya fara rauni, ya ce bayan babbar sallah zai koma garinsu. Mutumin nan daga bakin ƙofa in ya ji ƙarar inji zai ce boris kaza ya kusa tafiya, kuma in aka buɗe haka za a tarar. In aka kawo shanshera, ƙwaya ɗaya zai tauna ya ce a zuba, ko ya ce a mayar da ita shanya. Na saya masa babban littafi na ce ya rubuta duk abin da ya sani. Wata uku ke nan, shafi biyu ya cika. Ga wani yaro ya zo yana tallata mini manhajar kwamfuta, wai za ta adana ilimin kamfani. In saya?"

Amsa:

Alhaji, Allah ya jiƙan Baba, ya sanya albarka a abin da ya bari. Kada ka sayi manhajar nan yanzu, ba ka da abin da za ka zuba mata tukuna. Kuma ina roƙonka kada ka zargi dattijon nan da rowa saboda shafi biyu. Ka je ka tambayi Hajiya a gida yadda take gane tuwo ya nuna, ka ce ta rubuta maka. Za ta ce ai gani ake yi, a muciya ake ji. Gaskiya ta faɗa maka, kuma iyakar abin da bakinta zai iya faɗa ke nan. Wani masani haifaffen ƙasar Hangari, Michael Polanyi, wanda ya koyar a jami'ar Manchester, ya yi rubutu a kan wannan a 1966, inda ya nuna cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da zai iya furtawa yawa. Sanin makanikinka a kunnensa yake, da haƙorinsa, da tafin hannunsa. Alƙalami ba ya kai wa can sai da dabara.

Na ce wasiƙarka ta taɓa mini miki. Na yi shekaru ina kula da sashen sarrafawa a wata masana'antar matse man gyaɗa a Sharaɗa. Muna da wani bawan Allah mai kula da tukunyar tururi, mutum mai shiru, ba ya fashin aiki. Ranar wata Juma'a muka yi sallama da shi lafiya ƙalau, ranar Lahadi muka kai shi makwancinsa. Ranar Litinin aka kunna tukunya, tururi ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya hau ya sauka, ƙuli yana fitowa da mai a jikinsa. Muka ɗauko littafin da ya zo da injin daga masu ƙera shi. Sai muka gane littafin yana bayanin injin da babu shi ne a duniya: cikin shekaru an canja famfo, an karkatar da bututu, an sa wani makunni da aka samo a Ƙofar Ruwa, kuma duk wannan marigayin ne ya yi shi da hannunsa, babu inda aka rubuta. Kwana goma sha ɗaya muna fama. Mun kira injiniya daga Legas, mun biya masa jirgi da masauki. Wanda ya warware mana matsalar a ƙarshe shi ne yaron da ke riƙe wa marigayin akwatin kayan aiki yana share wurin. Ya ce ai kullum da asuba Baba yakan zubar da ruwan ƙasan tukunya tukuna, sannan akwai wani makunni a baya da yake ɗan murɗawa lokacin sanyi. Duk kwanakin nan yaron nan yana kallonmu muna kai da kawowa, babu wanda ya tambaye shi, shi kuma bai ga matsayinsa ya kai ya sa baki a gaban manya ba. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai, domin ni ne ya kamata in zaunar da dattijon nan tun yana raye.

Saboda haka abu na farko, Alhaji: ka duba wanene yake tsayawa kusa da makanikinka in ana kwance inji. Akwai shi, ko ba ka san sunansa ba. Ka ɗauke masa duk wani aike, ka haɗa shi da wani yaro na biyu mai ɗan karatu, daga gobe aikinsu ɗaya ne, su bi dattijon nan ƙafa da ƙafa har ranar da zai tafi. Biyu nake cewa domin ɗaya zai iya samun wani aikin ya bar ka inda ka fara.

Manyan kamfanonin duniya ma ta wannan hanyar suka bi. A 1985 kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, yana ƙoƙarin ƙera injin gasa burodi na cikin gida a birnin Osaka. Injin yana kwaɓa fulawa, amma burodin ya ƙi yin kyau, waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Injiniyoyi suka yi ta aune-aune abin ya faskara. Sai wata ma'aikaciyarsu mai rubuta manhaja, Ikuko Tanaka, ta tafi otal ɗin Osaka International, wanda burodinsa ya yi suna a garin, ta zama 'yar koyo a hannun babban mai gashin burodinsu. Shi ma bai iya faɗa mata sirrinsa ba. Da kallo da kwaikwayo ta lura cewa in yana jan kwaɓin, yana murɗa shi a lokaci guda. Ta koma ta faɗa wa injiniyoyi, suka yi ta gwaji har suka sa wasu 'yan tudu-tudu a cikin kwanon injin masu riƙe kwaɓin ya miƙe yana murɗuwa. A 1987 injin ya shiga kasuwa, ya kuwa karɓu. Ka lura da wanda ya yi rubutun a labarin nan. Mai koyo ce ta fitar da abin a baki, gwanin aikinsa kawai ya ci gaba da yi. Ka karɓe littafin daga hannun dattijo ka miƙa wa yaran.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Duk sanda inji ya tsaya, yaro ya ciro waya ya ɗauki bidiyo, ya yi tambaya da Hausa: Baba, me ka ji? A ina ka ji shi? Me ya sa ka fara buɗe nan ba can ba? In da ba a gyara ba me zai biyo baya? Ya ɗauki ƙarar injin yana lafiya, ya ɗauki ƙararsa yana ciwo, a ajiye su gefe da gefe da sunan kowace. Da yamma a rubuta layi huɗu ko biyar a littafi: kwanan wata, abin da ya faru, abin da aka canja, wurin wanda aka sayo kayan da kuma nawa. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Rabin darajar tsohon makaniki ita ce ya san shagon da ke sayar da boris na gaske da wanda ke sayar da jabu a kwali mai kyau, ya san maƙerin da zai iya yanka masa ƙarfe daidai a Panteka ta Kaduna, ya san wanda zai kira a Legas a sako kaya a motar dare. Sai ya kai yaran nan wurin mutanen da ƙafarsa, ya ce ga 'ya'yana, ku riƙe su yadda kuka riƙe ni. Lambar waya kaɗai ba za ta ba su wannan amanar ba.

Maganar tauna shanshera kuwa, ita ce mafi sauƙi. Abin da haƙorinsa ke aunawa danshi ne. Shinkafar da za a casa ana son danshinta ya kasance wajen kashi 14 cikin ɗari. In ta fi haka laima, ɓuntu ba ya fita da kyau kuma tana iya yin fumfuna a buhu. In ta bushe ƙarau, sai ta yi ta karyewa, ka tashi da gutsattsari maimakon doguwar ƙwaya. Ka sayi ɗan ma'aunin danshi na hannu. Duk buhun da ya tauna ya yanke hukunci, yaro ya auna ya rubuta lambar kusa da abin da Baba ya ce. Kafin wata biyu za ku ga lambar da yake cewa a zuba da wadda yake cewa a shanya, har da bambancin da yake yi tsakanin shinkafar rani da ta damina, da tsakanin wadda aka turara da wadda ba a turara ba. Haƙorinsa ya koma takarda ke nan.

Kada ka ce ai muna da zanen injin da takardunsa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da zanen injin F-1, wanda guda biyar ɗinsa suka ɗaga rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969. Duk da haka, da matasan injiniyoyinta a cibiyar Marshall da ke Huntsville suka so fahimtar injin sosai wajen 2012 zuwa 2013, sai da suka ɗauko tsohon guda suka kwance shi gunduwa-gunduwa suna aunawa, domin masu walda da maƙeran da suka haɗa shi da hannu sun yi dabaru da dama da ba su shiga takarda ba, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya ko sun tsufa.

Saura magana mai nauyi. Mai yiwuwa a ƙasan zuciyar dattijon nan akwai tsoro. Shekara da shekaru abin da ya sani shi ne garkuwarsa, shi ya sa ba a taɓa yi masa maganar banza ba. Ya ga tsararrakinsa da aka tatse aka yar. In kana son ya buɗe ƙirjinsa, sai ka fara cire masa wannan tsoron, kuma da aiki ake cire shi. Ka zauna da shi kai da kanka, ba ta bakin manaja ba. Ka gaya masa abin sallamar da ka tanadar masa tun yanzu, ka nuna masa ba ya rataye da komai. Sannan ka roƙe shi, a matsayin ɗa ga abokin aikin mahaifinsa, ya yaye maka yaran nan biyu, ka sa masa ladan koyarwa dabam da albashinsa. Ka ce bayan ya koma gida za ka riƙa aika masa wani abu duk wata domin a riƙa kiransa a waya, kuma duk lokacin babban gyara kafin kaka za ka aika mota ta ɗauko shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuɗin da za ka kashe a nan bai kai asarar mako guda da inji zai yi a tsaye lokacin da manoma ke layi da buhuna a ƙofarka ba.

In littafi ya cika, bidiyo sun taru har nema ya fara wuya, a lokacin ne za ka kira yaron manhaja. Kafin nan, ka tabbata bidiyon ba a wayar yaro ɗaya kaɗai suke ba, a riƙa kwafe su duk Juma'a zuwa kwamfutar ofis. Babbar sallah ba ta da nisa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya daga wata Hajiya, manaja a kamfanin haɗa wutar sola a Kaduna:

"Muna da masu gyara goma sha takwas, wasu a Kaduna, wasu a Zariya, wasu a Kafanchan. Matsala ɗaya sai ta ci wa mutum uku rana guda-guda, alhali na huɗu ya san maganinta tun bara. Na buɗe musu zaure a WhatsApp domin su riƙa faɗa wa juna, ya koma wurin gaisuwar Juma'a. Na sa kuɗi ga duk wanda ya kawo shawara, sai aka cika ni da abin da aka kwafo daga intanet. Me zan yi?"

Amsa:

Hajiya, abin da ya same ki ya sami kamfanin Xerox mai injin kwafe takardu, kuma yadda suka fita zai yi miki amfani. A shekarun 1980 wani mai bincikensu, Julian Orr, wanda shi ma ya taɓa aikin gyara, ya bi masu gyaran injinansu yana kallon yadda suke aiki a zahiri. Kamfani ya ba su manyan littattafai masu cewa in ka ga lamba kaza, yi kaza. Orr ya tarar cewa in inji ya zo da ciwon da babu shi a littafi, abin da ke ceton su shi ne hirar da suke yi wurin karin kumallo da cin abincin rana, kowa yana ba da labarin injin da ya wahalar da shi da yadda ya ci ƙarfinsa. Hirar da wani manaja zai kira ɓata lokaci, ita ce makarantarsu.

Daga nan aka gina wani rumbun shawarwarin gyara a kwamfuta mai suna Eureka, aka fara gwada shi a Faransa a tsakiyar shekarun 1990. Abu biyu suka sa ya rayu. Kowace shawara sai wasu gwanayen masu gyara sun duba ta sun tabbatar tana aiki kafin ta shiga. Kuma kowace tana ɗauke da sunan wanda ya kawo ta. Kamfanin ya so ya riƙa biyan kuɗi a kan kowace shawara, masu gyaran da aka yi gwajin da su suka ce a'a, kuɗi zai sa a riƙa kawo tarkace don a cika lissafi. Kin ga abin da kika gani da idonki ke nan. Akwai labarin da aka fi bayarwa: wani mai gyara a Brazil yana shirin canja wa abokin ciniki inji sukutum na kusan dala 40,000, sai ya ci karo da shawarar wani takwaransa na Montreal a Kanada, ya canja fis na santi 50, wato rabin dala, inji ya tashi.

To ki janye kuɗin. Ki bar musu zauren gaisuwarsu, zumunci ne, yana da amfaninsa. Ki buɗe na biyu wanda ba a sa komai sai hoton matsala da muryar bayani, kuma ki yarda da saƙon murya da Hausa, domin gwanin da ya fi kowa sanin inbata ba lallai ya iya rubuta dogon Turanci ba, kunyar wannan kaɗai tana rufe bakin mutane da yawa. Ki zaɓi biyu daga cikin waɗanda sauran ke girmamawa su riƙa tantancewa. Wadda ta tabbata a rubuta ta a takarda ɗaya da sunan mai ita a sama, a riƙa kiranta da sunansa.

Amma ina da tambaya gare ki, ki amsa wa kanki. Ranar da yaro ya zo ya ce Hajiya na juya waya na ƙona caja, me ya same shi? In an cire masa a albashi a gaban jama'a, kin riga kin koya wa sauran goma sha bakwai su ɓoye nasu. A masana'antun Toyota akwai igiya a saman layin haɗa mota, ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala yana da ikon ja, shugaban rukuninsa ya taho da sauri ya taimaka, in ba a warware ba layi ya tsaya. Sun gane cewa kuskuren da aka faɗa da wuri ya fi araha. Ganganci dabam, wannan a hukunta shi. Kuskuren mai ƙoƙari kuwa, ki saye shi da afuwa, ki karanta wa kowa.

Sojojin Amurka suna da wani zama da suke yi bayan kowane atisaye, kamfanin mai na BP ya ara a shekarun 1990. Tambaya huɗu ce: me muka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za mu yi gaba. Ki gwada shi bayan kowane babban aiki, a tsaye a gindin mota kafin a watse, minti goma sha biyar. Ƙarami ya fara magana, babba ya rufe, in ba haka ba ƙaramin zai maimaita abin da babba ya faɗa ne kawai. Sannan sau ɗaya a wata ki haɗa na Zariya da na Kafanchan a kan tire ɗaya na shinkafa, ki bar su su yi hirarsu.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Maraɗi:

"Na ji ana ta cewa a koya wa yara komai. In na koya musu, gobe su buɗe shago kusa da nawa su kwashe mini masu ciniki fa?"

Amsa:

Alhaji, tsoronka yana da tushe, kuma ban ce a koya musu komai da komai ba. Kamfanin Coca-Cola yana ɓoye haɗin lemonsa a wata taska a birnin Atlanta, amma masu ɗura shi a kwalba a faɗin duniya an koya musu duk sauran aikin dalla-dalla, domin in ba su iya ba lemon ba zai kai bakin mai sha ba. Ka zauna ka ƙirga asirinka na gaske. Za ka ga bai wuce uku ko huɗu ba: farashin da ake ba ka a Kantin Kwari, ragin da kake yi wa manyan dillalai, wataƙila da wanda ke ba ka kaya bashi. Waɗannan ka riƙe. Gane shadda ta gaske da ta jabu, lissafin canjin sefa da naira, yadda ake karɓar uwar amarya mai haɗa lefe, takardun da ake nema a kan iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, duk ranar da yaronka bai san su ba aljihunka ne ke biya.

Yaro kuwa zai tafi wata rana ko ka koya masa ko ba ka koya masa ba. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke sallamar yaro da jari da albarka, ya buɗe nasa ya dawo yana sari a wurin ubangidansa.

Asirin ma kada ya zauna a kai ɗaya. Na sha zama a rabon gado inda aka san marigayi yana bin mutane dukiya mai yawa, amma ba a san su wa ba, ba a san nawa ba, marayu suna kallo abin ya bi ruwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Kafin tafiyarka Kano ta gaba, ka kira babban ɗanka ko ƙaninka da ka amince da shi, ku rufe shago bayan la'asar, ka buɗe masa littafin bashi shafi-shafi: wanda kake bi, wanda ke binka, da inda takardun rumbu da makullin sif suke.